Layin Biro a Ƙafar Auta

Talata, bayan Azahar

Na sayi littafin nan a shagon bakin ƙofa don in riƙa rubuta lokutan magani da zafin jiki, saboda kaina ya daina riƙe lamba. Yau kwananmu shida a ɗakin masu karaya, ɓangaren mata, gado na bakwai daga ƙofa. Autata ce a kwance. Babur ne ya yar da ita tana dawowa daga kai ɗinki, ƙashin ƙwaurinta na dama ya karye har ya huda fata. An yi aiki, an sa ƙarafa shida sun ratsa nama sun kama ƙashi, aka haɗe su da sanda ta waje, aka naɗe da bandeji daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu. An ɗora ƙafar a kan filo biyu.

Da ta farfaɗo ba ta tambayi likita ko za ta yi tafiya ba. Cewa ta yi, "Zan iya taka keken ɗinki?" Shekararta tara tana taka shi da wannan ƙafar. Ya ce in ciwon ya warke da tsabta, babu abin da zai hana.

Babbar Sista, mai tabarau, ta tsaya a kaina ta ce, "Mama, abu ɗaya nake roƙonki. Ko ɗigon ruwa kada ya je kusa da ɗaurin nan. In alwala ce ta shafa a sama, ko ta yi taimama." Na ce to.

A gado na takwas akwai wata tsohuwa da ta karya ƙugu, kowa Kaka yake ce mata. Ta ga ƙarafan ta sa wa Auta suna Mai Eriya. Kullum da safe sai ta ce, "Mai Eriya, ɗaga ƙafar ki kamo mana labarai." Auta ta ce yau tashar ba ta kamawa, sai an ba eriya shayi.

Zafi 37.

Laraba, hantsi

Na san hukuncin, ba sai an faɗa min ba. Shekara nawa ina koya wa matan unguwa shi a tsakar gida: abin da aka ɗaure, shafa ake yi a kai. Amma ɗaurin a idon sawu ya tsaya. Yatsunta biyar a waje suke, rabin tafin ƙafa a waje, lafiyayyu. Abin da yake a buɗe kuma lafiya lau, wanke shi ake yi. Kwana shida yarinyar nan tana salla ban san matsayin sallar ba, abin ya hana ni sakat.

Laraba, bayan Azahar

Na cika buta a durom ɗin banɗaki. Na duba ruwan, launinsa da ƙanshinsa ba su canza ba. Na ja labule, don sutura. Auta ta ce, "Mama, Sista fa ta ce."

Na ce, "Ɗauri ta ce. Wannan ɗauri ne?"

Ta ce, "To Malama, a yi yadda littafi ya ce." Malama take ce min in tana so ta tsokane ni.

Na tara roba a ƙasa, na zuba kaɗan kaɗan a kan yatsun, na tsefe tsakaninsu, sau uku. Na goge da tawul. Raina ya kwanta, na ci abinci sosai a karon farko.

Alhamis, La'asar

Zafi 37. Allura ƙarfe takwas da ƙarfe biyu. Na gyara mata alwala. Babanta ya zo da lemo, ya zauna minti ashirin, ya ce masu kaya suna ta zuwa gida tambayar ɗinkinsu.

Asabar, da safe

Ta ce wurin yana mata ƙaiƙayi daga ciki, kamar tururuwa. Kaka ta ce warkewa ce. Ƙaramar nas mai wankin ciwo ta ce bakin bandejin da ɗan laima, ta tambaya ko tana gumi da yawa. Auta ta ce fanka ba ta kaiwa gadonta.

Gumi ne. Ɗakin da zafi.

Na gyara mata alwala.

Lahadi, bayan Azahar

Zafi 38.6. Ta ƙi abinci, tana rawar sanyi cikin wannan zafin.

Likita dogo ya zo ya sa aka kwance ɗaurin gaba ɗaya. Ban taɓa ganin ƙafar tsirara ba sai yau. Bakin ƙarafa biyu na ƙasa ya kumbura, fatar ta yi ja tana sheƙi, ya danna ruwa ya fito. Ya goga auduga mai tsinke a wurin ya sa a kwalba, ya ce za a kai ɗakin gwaji a shuka a ga wace ƙwayar cuta ce, kwana uku ko huɗu. Sannan ya zaro biro daga aljihu ya zagaye iyakar jan a kan fatarta. Ya ce, "In ya tsaya cikin layin nan, magani yana ci. In ya tsallake, a kira ni."

Yana rufe biron ya ce, "Ruwa ya taɓa wurin nan?"

Auta ta ce, "A'a, likita."

Ni ina ninke zani a lokacin. Na ninke shi, na warware, na sake ninkewa.

Lahadi, kusan Magariba

A yatsu na zuba. Yatsu suna da nisa da ƙarafan, ya kai taƙi guda. Na auna da ido.

Yau dai taimama ta yi a bango.

Litinin, hantsi

Ina wanke kofinta a famfo, na ɗaga shi sama in duba ko ya fita. Ruwa ya biyo tafin hannuna, ya bi wuyan hannu, ya shige cikin hannun riga har gwiwar hannu. Na ji sanyinsa yana tafiya.

Ƙafar a kan filo biyu take. Yatsun sun fi gwiwa tsayi.

Na daɗe tsaye a wurin har wata ta ce, "Baiwar Allah, kin gama?"

Litinin, bayan La'asar

Zafi 39. Jan yana kan layi daidai. Bai tsallake ba. Na duba sau tara.

Talata, da safe

Ya tsallake. Ta wajen sama, kamar faɗin yatsa ɗaya.

Talata, bayan Azahar

Likita ya zana sabon layi a bayan na farko. Ya yi wa babanta bayani a tsaye, ni ina gefe. Ya ce ƙwayoyin cuta iri iri ne. Akwai waɗanda ke zaune a fatar kowa, in suka sami ƙofa sai su shiga, maganinsu ake ba ta tun Lahadi. Akwai kuma masu zama a ruwa da wuraren laima, su wannan maganin ko a jikinsu. Ya ce ba ya son ya yi ta harbi a duhu, sakamako yake jira. Ya sake kallon Auta. Ta rufe ido kamar barci.

Babbar Sista ta kwashe duk kayan wankin ciwo na ɗakin ta mayar a sake dafawa. Ta cire ƙaramar nas daga wankin ciwo ta mayar da ita rabon magani. Na ji tana mata faɗa a bayan ƙofa, a hankali, irin faɗan da ya fi ihu ciwo. Yarinyar ta fito ta miƙo wa Auta ƙwayoyinta ta ce, "Sannu, Yaya," idonta jajur. Ta ce min, "Sannu, Mama." Na amsa.

Na zauna, na tashi. Na je bakin taga, na dawo. Na share ƙarƙashin gado alhali an share. Kaka ta ce, "Malama, za ki cinye simintin nan da ƙafa."

Laraba, bayan Asuba

Na idar da salla ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Na biyun ma haka.

Na ce wa Auta a hankali, "Me ya sa kika ce masa a'a?"

Leɓenta duk ya bushe. Ta ce, "To in ce me? In ce uwata?"

"Kin yi ƙarya saboda ni."

"Na yi. Ki rubuta a littafinki, a kaina take." Sai ta kama gefen mayafina ta ce, "Mama, ki bar shi. Gobe sakamako zai fito, su gani da kansu. Ba sai an tsayar da ke a tsakiyar ɗakin nan ba."

Na ce to. Yau kwana takwas ke nan ina ce wa mutane to.

Laraba, La'asar

Sakamako bai fito ba. An ce abin da ya tsiro a cakuɗe yake, sai an ware. Jan ya tsallake layi na biyu ma. Akwai wari yanzu, wani iri mai zaƙi zaƙi, na wanke zannuwa duka yana nan. Audugar da aka cire ta yi wani kore kore.

Auta ta yi barci. Kaka ta kira ni in gyara mata filo, da na sunkuya sai ta ce, "Ƙuguna ne ya karye, Malama, kunnena lau yake. Kwana huɗu ina jin ɗigar ruwa a roba ta bayan labulen nan."

Na ci gaba da gyara filon.

Ta ce, "Ban faɗa wa kowa ba, ba maganata ba ce. Amma Mai Eriya ta kwana biyu ba ta rama tsokanata ba, ni kuma ba na son haka."

Alhamis, hantsi

Likita ya zo da wani babba a kansa, mai furfura. Sun daɗe suna dannawa. Babban ya ce gobe za a shiga da ita a buɗe a kwashe naman da ya mutu. Ya ce in sun tarar abin ya ci ƙashi ko yana hawa sama, akwai matakin da za su ɗauka don a ceci ranta. Kalmar da ya faɗa ba zan rubuta ta ba. Gefen hannunsa ya ɗora a ƙasan gwiwarta, ya nuna daidai inda.

Auta ta karɓi takardar ta sa hannu da kanta. Ta ce, "Likita, in za ku ɗauka ku bar min eriyar, na saba da ita." Babu wanda ya yi dariya.

Alhamis, bayan Azahar

Na yi.

Na bi likita dogo har baranda da littafin nan a hannu. Na yi magana ƙasa ƙasa, sai ya sunkuyo. Na buɗe masa shafin Larabar makon jiya na ce ya karanta. Duk inda na gyara mata alwala na sa ɗan ɗigo a gefen shafi, na ƙirga masa, goma sha bakwai, kowanne sau uku. Na ce daga durom ɗin banɗaki, inda kowa ke tsoma bokitinsa. Na ce a yatsu kawai na zuba, amma ƙafar a ɗage take. Na ce yarinyar nan mai wankin ciwo ba ta da laifi, Auta ma ba ta da shi, ni ta rufa wa asiri.

Ya karanta har ƙasa. Na zaci zai ɗaga murya, da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, "Tun Lahadi na tambaya, Mama."

Na ce, "Na ji ka."

Ban san abin da ya sa na ƙara ba, na ce, "Ruwan mai tsarki ne, na duba." Ya ce, "Na yarda. Abin da ke cikinsa ido ba ya gani." Ya miƙo min littafin da hannu biyu ya juya da sauri. Kafin La'asar an sauke tsohon magani an rataya wani a jijiya, an kuma zubar da ruwan durom ɗin an kife shi.

Auta ta ga sabuwar jakar maganin ta dube ni. Ta ce, "Kin faɗa." Na ce e. Ta juya fuskarta bango.

Alhamis, kusan Magariba

Na faɗa wa babanta a kan bencin waje. Yana ɓare lemo, ya ci gaba da ɓarewa har ya gama, ya raba biyu ya miƙo min rabi. Da zai tafi ya shiga ya ɗauki butar daga ƙarƙashin gado ya tafi da ita. Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutumin nan, ban san abin da wannan ke nufi ba.

Na je wurin ƙaramar nas na ce ta yafe min. Ta ce, "Ba komai, Mama." Da komai. Kwana biyu ba a gaishe ta da kyau a ɗakin nan ba.

Lahadi, Litinin, Talata, Laraba. Kwana huɗu.

Juma'a, hantsi

Sun shiga da ita ƙarfe tara. Daga ƙofar tiyata zuwa ƙarshen baranda taku arba'in da ɗaya ne.

Juma'a, bayan La'asar

Sun fito da ita. Tun daga nesa zanin rufa nake kallo, wajen ƙasa. Tudu biyu. Alhamdulillahi. Na zauna a ƙasa a gaban mutane.

Likita ya ce bai kai ƙashi ba, amma saura ƙiris. Sun kwashe nama mai yawa a gefen ƙwauri har kusa da idon sawu, sun cire ƙarafa biyu sun sa wasu a sabon wuri. An bar ramin a buɗe. Ya ce tukuna dai, ba mu fita ba, sai an ga kwana biyar.

Asabar, Azahar

Sakamako ya fito. Ƙwayar cutar ta ruwa ce. Maganin da aka rataya ranar Alhamis shi ne daidai.

Zafi 38.8. Na mayar da kujerata gefen hagu na gadon.

Lahadi, da safe

Babanta ya zo da ɗan dutse mai santsi, ya wanke shi ya shanya ya naɗo a hankici. Ya ajiye mata a kan akwatin gefen gado ya ce, "Na taimama." Ya dube ni ya ce, "Ke kuma kin ci wani abu kuwa?"

Talata, bayan Azahar

38. Sabon layi, jan yana ciki.

Wankin ciwo yanzu sau biyu a rana. An mayar da ƙaramar nas aikinta. In ta ja labule nakan fita baranda, amma har can ina jin Auta tana cije zani. Ba ta kiran sunan kowa, ko nawa.

Ba ta yi min maganar ba tun ranar. Takan ce miƙo min ruwa, gyara min filo. Malama kuwa ba ta sake faɗa ba.

Alhamis, hantsi

37.6. Jan ya ja baya, ya bar layin shi kaɗai a kan baƙar fata. Na duba daga tsaye, hannuwana a baya.

Kaka ta ce, "Mai Eriya, yau da labari?" Auta ta ce, "An ce wata tsohuwa tana minshari har majinyata sun kai ƙara." Kaka ta yi dariya har ta riƙe ƙugu tana salati.

Asabar

Na yi mafarki da rana ina zuba ruwa a ƙasa yana hawa bango.

Litinin, La'asar

An yanki fata daga cinyarta an lulluɓe ramin. Yanzu ciwo biyu ne. Kwana biyar ba za a buɗe ba. Likita ya ce idon sawun zai yi tauri saboda naman da aka rasa, yadda zai lanƙwasu kuwa sai an fara motsa jiki za a sani. Auta ta ce, "Keken fa?" Wannan karon bai ce babu abin da zai hana ba. Ya ce, "Za mu gani."

Da ya tafi ta kalli silin. Ta ce, "Ana takawa da hagu ai. Na taɓa ganin wani." Ban san ko da ni take ba.

Alhamis, bayan Azahar

An sallami Kaka, 'ya'yanta sun zo da keken guragu. A bakin ƙofa ta sa aka tsaya ta ce, "Malama, ƙafar nan ba ta cizo. Mako biyu ina kallonki kina zagaye ta kamar rijiya."

Asabar, hantsi

An buɗe. Fatar ta kama, sai ɗan gefe. Zafi 37.

Talata, bayan La'asar

Jibi za a sallame mu, da ƙarafan, wata uku nan gaba kafin a cire. Kullum sai an wanke bakin kowane ƙarfe a gida. Babbar Sista ta turo teburin kayan ta tsaya ta ce, "Wa za a koya wa?"

Na ce yayarta za ta riƙa zuwa, ko a nemo nas a unguwa.

Auta ta ce, "Mama za a koya wa."

Na ce ba zan iya ba.

Sista ta cire tabarau ta ce, "Na ga littafinki, Mama. Shekara ashirin ina aikin nan ban ga mai jinyar da ta rubuta kowace allura da mintinta ba. Wanda ba ya tsallake komai nake nema. Tashi ki wanke hannu."

Na wanke da sabulu har gwiwar hannu yadda ta nuna, na ɗaga su sama, na ga ruwan yana gangarowa ta gwiwar, na kau da kai. Na sa safar hannu. Na zagayo gefen dama. Yau kwana ashirin da uku rabon da in taɓa ƙafar nan. Ta rame, ga facin fatar cinya a gefe kamar an yi wa riga ƙari da wani yadi, ga sauran shuɗin biro can sama bai gama gogewa ba.

Sista ta ce kowane ƙarfe da audugarsa, a jiƙa da ruwan magani, a fara daga jikin ƙarfen a yi waje, a yar. Ba a komawa baya. Na yi na farko. Fatar da ɗumi, ɗumin lafiya. Na yi na biyu. A na uku idona ya cika, na tsaya don kada ya ɗiga a wurin, ƙaramar nas ta sa auduga ta share min fuska.

Na gama na shida, na ga hannuna ya koma wajen auduga zai ɗauki wata don in sake zagayowa daga farko. Auta ta motsa babban yatsanta, kaɗan, ya taɓa wuyan hannuna.

Ta ce, "Malama, wannan sau ɗaya ake yi, ba sau uku ba."

Na ajiye audugar.